Adas ɗin Inna, Gwangwani Uku

Shekara goma sha huɗu ina aure a Birnin Kebbi, Inna ba ta taɓa kai loma ɗaya bakinta a gidana ba. Ruwa tana sha, shi ma sai ta juya wa ƙofa baya. Ba wani abu ne ya haɗa ta da maigidana ba. In ana zancensa a Argungu ita ce ke fara sa masa albarka. Kunya ce kawai. A wurin Inna, mace ta buɗe baki ta tauna abin da mijin 'yarta ya nemo, wannan ba abin yi ba ne, kuma ba ta ga dalilin da zamani zai canja mata shi ba. Ko ranar sunan 'ya'yana da ƙullin furarta take zuwa, ta zagaya bayan ɗaki ta sha, kafin la'asar ta kama hanyar tasha.

Ni kuma 'yar fari ce, don haka ban taɓa jin sunana a bakinta ba. "Ke wagga" take ce mini, ko ina gabanta ko ina bayan katanga.

Shekarar da ciwon suga ya kayar da ita, ƙanena ya ɗauko ta daga Argungu a gaggauce, ba ta ɗauki komai ba sai jakarta ta Makka. Likita ya ce sai ta zauna kusa, yana son ganinta duk bayan kwana biyu ko uku, kuma maganin da ya rubuta ba a shan shi sai da abinci a ciki. Ba mu da kowa a Birnin Kebbi sai gidana. Haka Inna ta shigo, kanta a ƙasa, kamar wadda aka kama da laifi, na sauke ta a ɗakin da ke kusa da madafa.

Maigidana ma ba baya ba ne wajen kunya. Tun daga ranar ya koma cin abinci a zaure, takalminsa kuwa tun daga ƙofar gida yake cire shi. Da safe ya zo ya tsuguna a bakin labule, ita ta juya ta fuskanci bango, su yi ta gaisuwa, shi yana gaida labule, ita tana amsa wa bango.

"Inna, an samu an ɗan taɓa abinci?"

"Alhamdu lillahi."

Inna ba ta ƙarya. Shi ya sa take cewa alhamdu lillahi. Abin da ke shiga cikinta dabino ne guda biyu ko uku daga cikin jakar, da kurɓin zamzam. Na yi faten wake, na yi miyar ganye, na yi farfesun kaza, duk yadda na kai kwano haka nake ɗauko shi, sai dai ta ɗaga murfi ta ce Allah ya ƙara buɗi, ta mayar.

Na yi wa ƙanena waya ya aiko da abinci daga gida. Ya aiko da shinkafar gonarsa da busasshen kifi. Shinkafa likita ya hana. Kifin na yi murna da shi, na gyara, na kai mata. Ta ɗaga murfi, ta shaƙi ƙamshin, na ga maƙoshinta ya motsa.

"Wa yak kawo shi daga tasha?"

"Baban yara ne ya biya ya karɓo."

"Motatai yah hau?"

"A bayan mota dai aka sa shi, Inna."

Ta mayar da murfi. Kifin da aka kama a gulbin garinsu, ɗanta na cikinta ya aiko mata, ya tashi daga nata saboda ya yi tafiyar minti goma a but ɗin surukinta.

Ranar Litinin muka koma asibiti. Likitan ya duba idonta, ya duba harshenta, ya dube ni kamar ni ce nake hana ta. Ya ce in muka dawo ranar Alhamis ba ta fara cin abinci ba, gado zai ba ta, a zura mata roba ta hanci a riƙa ɗura mata. Inna ta taɓa ganin wata maƙwabciyarta da irin robar nan, kuma matar ba ta tashi ba. Na ga hannunta ya kama gefen kujera. Amma abin da ta tambaya shi ne:

"Ɗana, abin da aka ɗurawa cikin robar, wa ka kawo shi?"

"Ai daga gida za a riƙa kawowa, Hajiya."

Muka dawo gida.

Muna shiga ɗaki ta jawo jakar Makka, ta fitar da darduma, ta fitar da carbi, ta fitar da gorar zamzam, can ƙasa ta zaro wata 'yar jakar yadi mai zariya a baki. Ta kwance ta tura mini.

"Ga nawa. Da guzurina nis saye shi Madina."

Wasu ƙananan ƙwayoyi ne, ruwan goro, a bare, faɗin kowace bai kai ɓawon kifi ba. Adas ta ce sunansa. A masaukinsu na Madina ana ba su wata miya mai ruwa-ruwa da ake sha da cokali, shorba, ita ce ta riƙe ta duk kwanakin da bakinta ya ƙi abincin can. Da za su taho ta sayo abin da ake yin ta da shi, ta ajiye shekara biyu tana jiran ranar da za ta samu wanda ya iya. Na auna da gwangwanin madara. Uku ne, na ukun bai cika ba.

"Yaya ake dafa shi, Inna?"

"Ni ban dahwa ba, sha niy yi. Waken Larabawa ne dai."

Kafin in ɗora tukunya sai da muka zauna shari'a a kan kowane abu. Gas na maigidana ne, ba a yi da shi. Na tsinto busassun rassan dogon yaro a bakin titi, Inna ta ce wannan itacen gwamnati ne, ya halatta. Tukunya aka yi sa'a tana cikin kayan ɗakina, Inna ce ta saya da hannunta. Ruwan famfo in sha za a yi babu laifi, amma da zarar ya shiga tukunya ya zama abinci, don haka sai an ɗebo daga rijiyar maƙwabta. Na tambaye ta ƙasar da zan kafa murhu a kai fa, tun da filin nasa ne. Ta yi tunani sosai, sannan ta ce ƙasa ta Allah ce.

Tun da an ce wake ne, na yi masa abin da ake yi wa wake. Na jiƙa gwangwani ɗaya ya yi kamar awa guda, na tsame na zuba a turmi don in surfa in fitar da dusa. Ban kai sara goma ba na ga taɓarya tana ɗagowa da ƙulli. Na ce to dusar ta shige ciki ke nan, bari in zuba ruwa in rege. Na zuba, na juya, na tuttule a kwando. Ina tsaye ina kallo adas ɗin Madina ya bi ramukan kwando ya zama jan ruwa, ya gangara kwata ya fice ta ƙarƙashin katanga. Kajin unguwa suka bi shi a guje.

Abin da ya rage a gindin turmi bai cika tafin hannu ba. Na kwashe na ɗora, na jefa masa kanwa don ya yi saurin nuna. Ya yi kumfa, ya taso, ya koma launin lakar fadama, ya fara warin sabulu.

"Hajiya, wanki kike yi ko girki?"

Maƙwabciyata ce ta leƙo ta saman katanga. Maman 'yan biyu muke ce mata, 'yar Filato ce, Kirista, tana koyarwa a firamare, mijinta yana aiki a sakatariya. Akwai wani bulo da ta ajiye a gindin katangar musamman don ta riƙa hawa muna hira. Na ba ta labari tun daga kifi har zuwa kanwa. Ta yi dariya har sai da ta sauka daga kan bulon ta huta, sannan ta sake hawowa ta ce ta daina yi mini dariya, yanzu za ta dafa wa Mama abinci a gidanta, da tukunyarta, da cefanen mijinta, a ga ta inda suruki zai shigo.

Na ji kamar an sauke mini kaya. Na ruga na gaya wa Inna. Ta girgiza kai tun ban gama ba.

"In ci na maƙwabta, a ce mai gidan ga ya kasa ci da baƙuwatai? In jawo mai zagi cikin unguwa?"

Amma ta yarda da aro. Gishiri, albasa, kayan yaji, waɗannan in mace ta miƙo wa mace ta katanga ba abinci ba ne, zaman tare ne. Man gyaɗa cokali biyu aro ne, in ya kai uku ya zama sadaka. Na kai mata abin da na dafa don kada ta ce na zubar. Ta leƙa kwanon ta daɗe tana kallo.

"Wagga ba ta je Madina ba."

Ta ci dabino biyu. Saura gwangwani biyu, na biyun bai cika ba.

Ranar Talata Maman 'yan biyu ta dawo daga makaranta ta shigo da wayarta. Ta nemo mana bidiyon wata Balarabiya mai dafa shorba, ba a ganin fuskarta, sai hannuwa da awarwaro. Muka haɗa kai muna kallo. Matar ba ta jiƙa ba, ba ta surfa ba, ko turmi babu a madafarta. Ta ɗauraye kawai ta zuba. Can sai ta ɗebo wasu 'ya'ya sirara masu ruwan ƙasa a ƙaramin cokali ta watsa a mai. Mu duka ba mu san su ba. Muka mayar da hoton baya ya fi sau biyar.

Muka tafi babbar kasuwa, layin masu kayan ƙamshi da magungunan gargajiya. Wani dattijo mai jan gemu ya karɓi wayar, ya nisanta ta da idonsa, ya kusanto, bai ma bari hoton ya tsaya ba ya ce akwai.

"Baba, ka gane shi?" in ji Maman 'yan biyu.

"Madam, shekarata nawa a nan. Duk abin da Balarabe ya zuba a tukunya, in baƙi ne habbatus sauda ce, in ba baƙi ba ne hulba ce."

Ya ƙulla mana hulba. Na ce masa na cikin wayar kamar sun fi tsawo. Ya ce waya tana ja wa abu tsawo, shi ma in aka ɗauke shi hoto haka yake fitowa.

A gida na kafa murhu, na soya albasa da man aro cokali biyu. Da aka zo zuba hulba na ɗauko ƙaramin cokali. Maman 'yan biyu ta ce Larabawa tsoron yaji gare su, kuma Mama tana bukatar abin da zai buɗe mata baki, in ƙara. Na ƙara. Ta ce in ƙara dai. Muka tashi da kusan rabin ludayi. A ido miyar ta yi kyau, ta yi kauri, ta yi sheƙi. Ban ɗanɗana ba, don Inna ta ce kada kowa ya rage mata, abin kaɗan ne.

Yunwa ta riga ta ci ƙarfinta, ba ta ma jira na fita ba ta kai cokali baki. Na ga fuskarta ta tattare wuri ɗaya. Ta daure ta haɗiye, ta kai na biyu, idonta ya kawo ruwa. Na uku ya ƙi wucewa. Da na lasa daga baya, ɗacin ya kwana biyu a harshena.

"Magani kunka dahwa," ta ce. "Allah shi ba da lada."

Ranar a zaune ta yi sallar la'asar. Tun da nake ban taɓa ganin haka ba. Ta gwada miƙewa, gwiwa ta ƙi, ta koma ta zauna ta kabbara, muryarta can ciki. Na zagaya bayan madafa na zauna a kan turmi na yi kuka mai isata. Na roƙi Allah kada ya sa in zama ni ce na ƙarar wa uwata abincinta a kwata da cikin ɗaci. Gwangwani ɗaya ya rage, wanda bai cika ba, jibi kuma Alhamis.

Ranar Laraba maigidana ya fita tun bayan asuba bai ce ga inda za shi ba. Kafin azahar na ji yana kirana daga zaure ƙasa-ƙasa. Na same shi a tsaye ya rungume ciki, babbar rigarsa ta yi tudu. Ya leƙa waje, ya leƙa cikin gida, sannan ya ɗaga rigar. Ledoji biyar na adas. Sakkwato ya je, ya bi manyan kantuna ɗaya bayan ɗaya da ƙwaya uku a cikin takarda, waɗanda ya tsinta a bakin kwata.

"Ki zuba cikin nata," ya ce. "Ba sai ta sani ba."

"In cuci Inna?"

"To ki bari a sa mata roba."

Na karɓa na ɓoye a cikin buhun gawayi kamar na karɓi kayan sata. Na kira malamarmu ta Islamiyya na zayyana mata komai. Ta bari na gama, na ji tana ƙoƙarin danne dariya.

"Ta tambaye ki na wane ne?"

"Ba ta tambaya ba tukuna, Malama."

"To kada ki yi mata ƙarya. Kada kuma ki cika surutu."

Duk da haka ban iya haɗa su ba. Na buɗe leda ɗaya na kwatanta, nasa ja ne jawur, nata ya koɗe saboda ajiya. Na ce wannan tukunyar dai da nata za a yi, in ta lalace sai in san abin da zan gaya wa Allah a kan ta gaba.

Wannan karon Inna ta ce a fito da ita. Na shimfiɗa mata tabarma a inuwar ɗaki, na jingina ta da filo. Ta ce a ajiye waya, a bar Balarabiya ta huta. Ta rufe ido ta riƙa motsa baki kamar tana tauna wani abu da ta ci shekara biyu da suka wuce.

"Akwai albasa, amma ba a ganin ta."

Na yanka ta ƙanana na soya har ta narke.

"Akwai tafarnuwa. Akwai wani abu mai ɗumama maƙoshi, ba mai ƙona baki ba."

Citta ke nan, da ɗan masoro. Maman 'yan biyu tana kan bulonta tana miƙo kowane abu, kuma duk wanda ta miƙo sai ta ɗaga murya ta ce, "Aro ne, Mama." Inna ta amsa da ka, ido a rufe.

"Kalatta kamar gwaiduwar ƙwai."

Na zuba kurkum a bakin cokali.

"Mama, ko attaruhu ɗaya?" in ji Maman 'yan biyu. "Ɗaya tak. Ƙarami."

"Ke kinka sa anka yi na jiya."

Maman 'yan biyu ta mayar da attaruhunta cikin zani.

"Daddawa fa, Inna?"

"Babu."

"Ko ƙwaya?"

"Ke wagga, Madina ina sunka ga ɗorawa?"

Har ga Allah na ji tausayin miyar, a ce za ta tashi ba daddawa, ba kifi, ba manja. Na ɗauraye adas ɗin sau ɗaya da hannu mai sanyi, na tare bakin kwanon da tafina kada ƙwaya ta kuɓuce, na zuba a kan albasar, na tsaida ruwan rijiya, na rage wuta. Ban taɓa shi ba. Ashe abin ba ya son a wahalar da shi. Kafin in gama wanke wuƙa da faranti ya fashe da kansa, ya narke, launin ya koma rawaya. Na sa maburgi na burga, na zuba gishiri. Ƙamshin da ya tashi ba irin na gidajenmu ba ne, mai sanyi ne, ba ya tsokanar hanci.

Inna ta buɗe ido.

"Da ɗan tsami can ƙarshe."

Rabin lemun tsami ya ƙetaro katanga. Aro ne.

Na zuba a kwano na ajiye gabanta da cokali. Ta dubi kwanon, ta dube ni, ta dubi saman katanga, ta dubi hanyar zaure. Na gane. Maman 'yan biyu ta sauka daga kan bulo. Na leƙa zaure na yi wa maigidana alama, ya fita titi da rana tsaka ya tsaya a gindin sandar lantarki, mutane suna wucewa suna tambayarsa ko lafiya. Ni kuma na juya na fuskanci bangon madafa.

Na daɗe ban ji komai ba. Sai na ji bisimilla. Sai ƙarar cokali a jikin kwano, sannan shiru, sannan wata ƙarar. Ina kallon wata tsaga a jikin bango, hawaye yana sauka, ina tsoron in ja hanci ta ji ta fasa. Can na ji cokali yana kankarar gindin kwano.

"Ke wagga. Da saura?"

Na juye mata sauran ba tare da na dube ta ba.

"Ita ce, Inna?"

"Ba ita ba ce. Amma sun san juna."

Ta sha maganinta. Ta ɗan kishingiɗa, gumi ya tsattsafo mata a goshi, ta yi la'asar a tsaye ko da yake tana dafa bango. Ni kuwa murnata ba ta yi nisa ba, don adas ɗin Inna ya ƙare, kuma mutum ba ya rayuwa da kwano biyu. Ina zaune ina saƙa yadda zan yi da abin da ke cikin buhun gawayi, sai na ga ta jawo 'yar jakar yadin. Ta zazzage ta a tafin hannu, ƙwaya biyu suka faɗo. Ta mayar da su ciki, ta ja zariya. Ta daɗe tana juya jakar. Sannan ta yi magana, ba da ni ba, da sararin tsakar gida.

"Abin Madina albarka gare shi. Ko dai a bar shi inda iska ka bugu nai."

Ta miƙe da kyar, ta rataya jakar a ƙusar da ke waje, gefen ƙofar ɗakinta. Ta shiga ta saki labule. Ta cikin labulen ina hango ta, ta kwanta ta juya wa ƙofa baya, ta ja mayafi har kai, da zafin nan na bayan la'asar.

Na tsaya a tsakar gida ban san iya lokacin ba. Daga baya na je buhun gawayi, na ɗauko gwangwanin madara. Na auna uku na zuba a jakar, na ukun ban cika shi ba.

Da safe ta fito alwala, ta sauke jakar, ta jinjina nauyinta a hannu. Ba ta buɗe ba, ba ta dube ni ba.

"Allah mai iko," ta ce, ta miƙo mini.

"Mai iko ne, Inna," na ce. A cikinmu babu wadda ta yi ƙarya.

Da muka je asibiti likita ya auna ta, ya ce ba maganar gado. Ya tambaye ta me ta samu take ci haka. Ta ce abin da ke cikin jakarta.

Sati uku ta yi a gidana, kullum shorba safe da yamma, wani lokaci da ganyen zogale na aro. Duk ranar da jaka ta yi sauƙi sai ta koma ƙusa, Inna ta shiga ɗaki ta juya baya. Launin adas ɗin ya tashi daga koɗaɗɗe ya koma jawur, ba ta ce komai ba. Gaisuwar safe tana nan yadda take, shi da labule, ita da bango, sai dai yanzu in ya ce an taɓa abinci, ta kan ce an ci, an ƙoshi.

Da ta koma Argungu na cika mata jakar. Ita dai abin da ta gaya wa mutane shi ne gwangwani uku ta zo da su, kuma daga jakar nan ta ci har sati uku. Sauran bayanin matan unguwa suka ƙarasa da kansu. Aka fara zuwa roƙon tsunkule ɗaya, wannan don mai ciki, wannan don yaro mai shirin jarrabawa. Wani tsoho ya taso takanas daga Gulma ya karɓi ƙwaya bakwai zai shuka a fadama, ƙanena ya yi ta gaya masa abin a bare yake ba ya tsira, ya ce shi ma ai ya san na ko'ina ba ya tsira. Abin ya dame ni, na sake kiran Malama na ce ina tsoron alhakin mutane. Ta ce in an tambaye ni in faɗi gaskiya. Har yau ba wanda ya tambaye ni.

Ba a yi wata ba, wata Juma'a ƙanena ya yi sallama. Bayan mun gaisa ya sa hannu a aljihu ya fito da 'yar jakar a ninke, ba komai a ciki.

"Inna ta ce a rataya mata wurin da ta saba. Wai iskar Argungu ba ta karɓe shi ba."

Na rataya. Da maigidana ya dawo daga masallaci ya shigo tsakar gida, idonsa ya faɗa kan ƙusar. Ya dubi jakar, ya dube ni, ya ce dama gobe yana da wani ɗan uzuri a Sakkwato.